Ragowar kalori: a cinye ko a bar ta ta kwana?

Tun da manyan wayoyi suka cika hannun mutane a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, wata sabuwar ɗabi'a ta shigo gidajen ma'aikata, musamman malaman lakwal da iyaye mata masu son rage ƙiba. Mutum zai sauke manhaja a salularsa, ya rubuta shekarunsa da tsawonsa da nauyinsa, ita kuma ta yanke masa adadin kalorin da zai ci a yini. Duk abin da ya kai baki sai ya rubuta. To, sai ga shi an yi sallar isha'i, ciki ya ɗauka, barci ya fara fizga, amma waya tana cewa saura kalori 300. A nan tambaya take tasowa: a tashi a nemi abin da za a cike gurbin da shi, ko a ja mayafi a kwanta?

Ni a ganina a kwanta. Adadin da manhaja ta bayar iyaka ce da aka yi wa mai rejim don kada ya wuce ta. Babu wanda yake bin sa bashin abin da bai ci ba. Sai dai wannan amsa tana da sharuɗɗa, kuma akwai mutanen da ba ta shafe su ba ko kaɗan. Tunda masu karanta wannan shafi yawancinsu masu tarbiyyar yara ne, a gida ko a aji, ya kamata mu bi maganar daki-daki, don abin da babba yake yi da kwanonsa yaro yana kallo.

Daga ina adadin ya fito?

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci yake ba jiki, kamar yadda ake auna man moto da lita. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, giram ɗaya na sukari ko garin hatsi yana ba da kusan 4, haka ma giram ɗaya na sinadarin gina jiki da ake kira furotin. Wannan lissafi tsoho ne, ya samo asali daga aikin wani masani ɗan Amurka, Wilbur Atwater, tun ƙarshen ƙarni na 19.

Adadin da ake cewa jikinka yana bukata kuwa, manhaja ba ta auna ka ba. Ta ɗauko wani tsarin lissafi ne, galibi na Harris da Benedict na 1919 ko na Mifflin da St Jeor na 1990, waɗanda aka gina su a kan wasu ɗaruruwan mutane a Amurka. Ta zuba shekarunka da kilonka a ciki, ta ƙara wani kaso gwargwadon yadda ka ce kana motsa jiki, sannan ta cire kamar kalori 500 don ka rinƙa sauke kusan rabin kilo a sati. Masana abinci sun san irin wannan lissafi yana iya kuskure da kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa, a kan mutum guda, wani lokaci ma fiye.

Mu ɗauki misali. Malama mai shekara 40, nauyinta kilo 80, tsawonta mita 1 da santimita 62. Lissafin zai ce tana ƙone kusan kalori 2,000 a yini, sai a yanke mata 1,500. Kuskuren kashi 10 cikin 100 a kan 2,000 ya kai kalori 200. Ke nan tun ba ta ci loma ɗaya ba, akwai kalori 200 da ba wanda ya san ko nata ne ko ba nata ba ne.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan. Ɓangare na biyu ya fi nauyi, shi ne lissafin abin da aka ci. Waɗannan manhajoji an yi su ne don ƙasashen da abinci yake zuwa cikin kwali da rubutu a bayansa. Ko a can, dokar Amurka tana yi wa kamfani uzuri in adadin da ya rubuta ya kauce da kashi 20 cikin 100. To, ina ga tuwon hatsi da miyar kuka? Malmalar gidan wani ta ninka ta gidan wani. Furar da aka dama a Dakwaro da nonon shanu ba ɗaya take da wadda aka dama a Yamai da madarar gari da sukari ba. Shinkafa da wake da aka saya a bakin lakwal, wa ya ƙirga cokalin man da mai sayarwa ta zuba? Ga kuma cin tare a tire ɗaya, inda hannu biyar suke shiga, ba mai iya cewa ga rabonsa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai ƙima ce kawai, kuma idon mai son abinci ya saba rage wa kansa.

Wani bincike da aka buga a 1992 a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ya bi wasu mutane da suke rantsuwa suna cin ƙasa da kalori 1,200 amma ba sa ramewa. Da aka auna su da kayan aiki, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi. Ba ƙarya suke yi da gangan ba, mantuwa ce da kuskuren ido, irin wanda kowa yake yi.

Mu koma kan malamarmu da ragowarta ta 300. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. In akwai cokali biyu a miya da suya waɗanda ba ta rubuta ba, 240 sun tafi. Ƙwayar sukari ɗaya kusan kalori 20 ce. In ta sha shayi da ƙwaya uku a wurin aiki ta manta, an cike 300 cif. Ragowar da take shirin tashi ta ci da dare, ta riga ta cinye ta tun da rana. In ta ƙara ci, sau biyu ke nan.

Abin da masu cewa a cinye suke tsoro

Masu cewa lallai a cike adadin ba wawaye ba ne, suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su.

Hujjarsu ta farko ita ce jiki in ya ga an rage masa abinci da yawa, sai ya rage ƙone ƙarfi, ya riƙe kitse. Akwai gaskiya a ciki. Jikin da ya daɗe cikin ƙarancin abinci yana rage kashe ƙarfi, mutum ya rage motsi ba tare da ya lura ba, ya rinƙa jin sanyi da kasala. Amma wannan abu ne na makonni da watanni. Daren Talata guda da aka kwana da gibin kalori 200 ko 300 ba ya juya jiki. Jiki ba ya rufe littafinsa da ƙarfe 12 na dare kamar yadda manhaja take yi. Yau ka ci kaɗan, jibi akwai suna a unguwa ka ci da yawa, shi jimilla yake gani. Wanda aka yanke wa 1,500 a yini, gara ya ɗauka 10,500 ne a sati. In ya duba ta haka, ragowar Talata tana da inda za ta shiga ranar Asabar, ba tare da ya ji ya yi laifi ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: wanda ya matse cikinsa yau, gobe yunwa za ta rama. Wannan an gani a zahiri. A 1944 zuwa 1945, a jami'ar Minnesota ta Amurka, masani Ancel Keys ya yi gwaji da samari 36 da suka ba da kansu. Wata shida ana ba su kusan rabin abin da jikinsu yake bukata, wajen kalori 1,600 a yini, ga doguwar tafiyar ƙasa kowane sati. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya fi ramar ban tsoro shi ne halin da suka shiga: ba su da zance sai na abinci, wasu suka koma tara littattafan girki, ga saurin fushi, ga baƙin ciki. Da aka sake su, da yawansu suka rinƙa ci ba ƙoshi. Darasin a fili yake: gibi mai girma da ya daɗe yana cin hankali kafin ya gama cin jiki. Amma a lura, waɗannan samari yunwa suke ji dare da rana. Mu kuwa muna magana ne a kan wanda ya ci ya ƙoshi.

Hujja ta uku ita ce ta gina jiki. Mai rage ƙiba ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, musamman in furotin ya yi masa ƙaranci. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari, sai dai maganar ta tashi daga nawa aka ci, ta koma me aka ci. Wanda ya yini a kan koko da fanke da taliya, ko ya cike 1,500 ɗinsa, jikinsa bai samu abin gini ba. Kuma abin takaici, masu cike gurbi da dare ba kasafai suke dafa ƙwai ba. Biskit ne, ko lemun kwalba, ko burodi da mayonez. Kwalbar lemu ƙarama ta santilita 33 tana ɗauke da kusan kalori 140, duk sukari. An cike lissafi, jiki bai ƙaru da komai ba.

Ƙoshi daban, mutuwar yunwa daban

Sharaɗin farko na amsata shi ne mutum ya tabbata ƙoshi ne ya hana shi ci. A ƙasarmu akwai abubuwa da yawa da suke kashe jin yunwa alhali ciki fayau yake. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40, yana sa tuwo ya fita ran kowa. Shayi mai ƙarfi na fada, wanda ake sha na ɗaya da na biyu da na uku, yana danne yunwa, haka goro, kofi da taba. Damuwa ma haka, ko ta jiran albashi ce ko ta gyaran takardun jarrabawa har tsakar dare. Malamin da ya yini a kan shayi da goro ya ce ba ya jin yunwa, bai ƙoshi ba, an rufe wa yunwarsa baki ne.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka tambayi kanka: na ci abincin kirki aƙalla sau biyu yau? Akwai wake, ko nono, ko ƙwai, ko kifi, ko nama a ciki? Akwai ganye? In amsar e ce, kuma abin da ya rage bai wuce 200 ko 300 ba, kwanta abinka.

Sharaɗi na biyu, kada abin ya zama kullum. Gibin kwana ɗaya ko biyu a sati ba komai ba ne. Amma macen da aka yanke wa 1,500 kuma kowace rana tana tsayawa a 900 ko 1,000, ta fita daga rejim ta shiga horon kai. Shawarar da masana abinci suka saba bayarwa ita ce kada mace ta zauna ƙasa da 1,200, namiji ƙasa da 1,500, na tsawon lokaci ba tare da kulawar lokotoro ba. Ramewa da gaggawa tana iya jawo tsakuwa a maɗaciya, zubewar gashi, jiri, da rikicewar al'ada ga mata. In kilo yana sauka fiye da ɗaya a kowane sati, sati bayan sati, ko kana miƙewa ka ga duhu-duhu, ko ka lura kana yi wa ɗalibai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, to ka ci, ko ba ka jin yunwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai tsayuwa gaban yara sittin ko saba'in daga ƙarfe 8 har azahar ba zai yi aikin da iska ba.

Cin abinci ba tare da yunwa ba, don abin da ke gaba, mun san shi tun ba yau ba. Wa yake jin yunwa da ƙarfe huɗu na asuba a watan azumi? Amma ana yin sahur, saboda an san doguwar rana tana tafe. Haka malamin da ya san ba zai samu zama ba sai bayan azahar, karin safe ya zame masa dole. Wannan ci ne da dalili. Ci da ƙarfe goma na dare don waya ta nuna sifili ba shi da dalili ko ɗaya.

In kuwa za a cike, a cike da abin da zai yi aiki. Dafaffen ƙwai ɗaya kusan kalori 75 ne, da furotin giram 6. Ga kindirmo ba sukari, ga awara, ga dambun zogale da ƙuli-ƙuli, ga soyayyar fara a lokacinta, ga ɗan dafaffen wake. Gyaɗa tana da kyau amma a yi hattara, giram 100 ya haura kalori 550, cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Duk waɗannan suna kasuwarmu, kuma ba su kai tsadar garin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp ba.

Waɗanda wannan magana ba tasu ba ce

Mai ciki da mai shayarwa ba sa cikin wannan lissafi. A watannin ƙarshe na ciki jiki yana bukatar ƙarin kalori 300 zuwa 450 a yini, mai shayarwa kuma kusan 500. Mai ciwon suga da yake yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamid, in ya tsallake abinci sukarin jininsa yana iya faɗuwa har ya suma. Shi da lokotoronsa ne za su tsara cinsa. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, abinci ya fita ransa makonni, ga tari ko zazzaɓin dare ko yawan fitsari da ƙishirwa, kada ya yi murna wai rejim ya karɓe shi. Ya tafi likita a auna shi, don tibi da ciwon suga da wasu cututtuka haka suke sallama.

Sai yara da matasa, kuma a nan ne nake roƙon malamai da iyaye su tsaya da kyau. Yaro mai girma ba a ƙirga masa kalori da waya. Ƴanmatanmu na kolej da lise suna tsakanin wuta biyu. A gefe guda ga masu cewa mace sai da jiki, har wasu suna sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe a hannun masu tallar magani, waɗanda wasunsu suke kumbura fuska, su tayar da hawan jini da suga. A ɗaya gefen ga hotunan TikTok da suke koya musu cewa kyau shi ne ƙashi da fata. Yarinyar da take ganin uwarta kullum da waya a gefen kwano, tana murna in ta ci kaɗan, tana baƙin ciki in ta wuce, ta koyi cewa abinci jarrabawa ce. In malama ta lura ɗaliba ta daina cin komai lokacin hutun ƙarfe goma, tana ramewa, tana alfahari da yini ba ci, ta kira ta gefe da lalama, ta kuma sanar da iyayenta. Wannan ciwo ne da yake iya kisa, kuma ba na Turawa kaɗai ba ne.

Kwanon yaro da kwanon uwa

Akwai dalilin da ya sa barin ragowa yake mana nauyi a zuci. Mu mutanen ƙasar da ta san fari ne. Wanda ya ga 1984, ko ya ga cibiyoyin tamowa na Maraɗi a 2005, ba zai iya kallon abinci yana lalacewa ba. An tashe mu da “cinye kwanonka, wasu ba su samu ba”, kuma an yi mana haka ne da ƙauna. Shi ya sa uwa take share ragowar yara uku bayan ta ci nata, wai kada a yi almubazzaranci. Ita ba ta rubuta wannan a manhaja, amma jikinta yana rubutawa.

Abincin da aka tura cikin da ya riga ya cika shi ma an ɓarnatar da shi, har da ƙarin cuta. Kakanninmu sun fi mu dabara a nan. Tuwon da ya rage ba su taɓa cewa dole a cinye shi a daren ba, sun bar shi ya kwana ya zama ɗumame. Ga almajiri a ƙofar gida, ga maƙwabciya mai marayu, ga kaji da tumaki a bayan ɗaki. Gidan Bahaushe bai taɓa rasa inda zai kai ragowa ba.

Game da yara kuwa, a raba abu biyu. Yaro lafiyayye, mai wasa, wanda awonsa yake tafiya daidai, in ya ce ya ƙoshi a ƙyale shi. Binciken da masaniya Leann Birch ta yi a Amurka tun shekarun 1980 ya nuna ƙananan yara suna iya daidaita cinsu da bukatar jikinsu, kuma matsa musu su share kwano yana koya musu bin ido maimakon bin ciki. Manya da yawa da suke tambayar waya ko sun ƙoshi, tun suna yara aka raba su da wannan ji. Amma yaron da yake ramewa, ko bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ko gudawa ba, in ya ƙi abinci alamar haɗari ce. Shi ana zama da shi, a lallashe shi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ban da ɗura, don kunu yana iya bi ta hanyar numfashi. In ya ci gaba da ƙi, a kai shi likita a ranar. A cibiyoyin tamowa, ɗaya daga cikin abubuwan farko da ake dubawa shi ne ko yaro zai karɓi abinci, kuma wanda ya ƙi, kwantar da shi ake yi. Saboda haka kada wani ya ɗauki shawarar da na ba babba mai kilo 80 ya ɗora wa jariri.

Ga babba mai lafiya da yake son rage ƙiba, abin da nake gani ke nan. Ka yi amfani da manhaja sati biyu ko uku don ta buɗe maka ido a kan mai da sukari, don a nan yawancin ƙibarmu take ɓuya. Ka hau ma'auni sau ɗaya a sati, da safe, ka duba inda abin ya dosa a wata. In kana sauke kusan rabin kilo a sati, kana barci, kana aikinka da ƙarfi, to komai yana tafiya daidai, ko me waya ta ce. In ka ci abincin kirki ka ƙoshi, aka ce saura 300, rufe kwanon ka ajiye. Gobe da safe za ka same shi, kuma a lokacin da yunwarka za ka ci.